Wanda Ya Gano Ni a Ƙarƙashin Yashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, labari ya iske ni a kasuwar Belbeji cewa Allah Ya yi wa Injiniya Almustafa Kadi rasuwa, bayan jinyar kwana tara.

Injiniya, ni ne Buba mai haƙar rijiya. Lokacin da ka zo kwarin Tarka da na'urarka ta rada, wadda ake turawa kamar baro tana nuna abin da ke cikin ƙasa, na fi kowa yi maka dariya. Na ce maka, "Ƙasa da hannu ake saninta, ba da talabijin ba." Murmushi kawai ka yi, ka miƙo mini shayi.

Bayan sati uku rijiya ta rufta da ni, a zurfin gaba biyu da rabi. Allah Ya sa na faɗa wani lungu da na rarake a gefe, yashi ya toshe bakinsa. Duhu, gwiwa a ƙirji, ba halin juyawa. 'Yan'uwana suka kama haƙa ta bakin rijiyar, yadda muka gada, kowane shebur kuwa ƙara danno mini yashi yake. Ina jin dirinsu, ina kira, ba mai ji. Wallahi har na yi shahada.

Daga baya aka ba ni labari. Ka zo da gudu ka daka musu tsawa, kai da ba ka ɗaga murya. Ka tura na'urar, ka je ka dawo, sannan ka ja layi da ƙafarka a gabashin rijiyar, ka ce, "Ga kogon nan. Ta gefe za ku shiga." Kafin magariba suka kamo hannuna.

Shekara huɗu ke nan ban sake shiga rami ba. Ko ƙofar ɗaki aka rufe, sai numfashina ya sarƙe.

Amma kabarinka ban bar wa kowa ba. Na shiga, na haƙa har na gama. Da hannuna na karɓe ka na kwantar. Kai ka fid da ni daga ƙasa, ni na sa ka, kuma wannan karon babu layin da wani zai ja.

Ina yi wa matarka Hajiya Nafisatu da 'ya'yanku, Ramla da Abdulgafar, ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya gafarta maka. Ni na san ƙuncin ƙasa. Ya Allah, Ka yalwata masa ita, Ka haskaka masa.