Garin Ƙarara da Ƙwayar Asibiti

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta ko kalma ɗaya a nan ba. Ba fushi na yi ba, hannuna ne ya ƙi.

Kun san bakina. Shekara talatin na koyar da kimiyya a sakandare, na yi ritaya na dawo Doguwa ina faɗa wa kowa cewa karatu ya mutu a ƙasar nan, jana'iza kawai ta rage.

Da babban yatsa abin ya fara, yana rawa kamar ina jan carbi. Rubutuna ya ƙanƙance. Shayi ya riƙa zuba a rigata.

A Kano aka yi min gwaje-gwaje da hoton ƙwaƙwalwa, masarar bara duk ta tafi a nan. Aka ce cutar Fakinson ce, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa a hankali. Aka ba ni magani sau uku a rana.

Da yake na raina asibitinmu, sai na haɗa da garin tsiro na wani mai magani na Riruwai. Cokali da safe, cokali da yamma. Maiɗakina Talatu kaɗai ta sani.

Bayan mako biyu jikina ya soma murɗewa da kansa. Na riƙa ganin baƙi a zaure alhali ba kowa, ina cewa a kawo musu ruwa. Na ji ƙanena a bayan ƙofa yana cewa, “Yaya fa ya taɓu, a kai shi inda ake ɗaure irinsu.”

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Talatu ta ce ba inda za a kai ni sai asibiti. Can wata likita sa'ar 'yata ta tambaye ni, “Baba, ban da namu, me kake sha?”

Na ce babu.

Talatu ta kwance bakin mayafi ta ajiye ƙullin a tebur. “Malam, ka yi haƙuri, yau zan tona ka.”

Na jira faɗa. Sai likitar ta sansana garin, ta tambayi sunan tsiron. Na ce ƙarara, wannan mai ƙaiƙayin. Ashe ita da abokan aikinta bincike suke a kan tsirran da ake sa ran za su kare ƙwaƙwalwa. Ta kai shi ɗakin gwaji.

Da sakamako ya fito ta ce, “Baba, ba hauka kake ba. Sinadarin ƙwayarmu shi ne a 'ya'yan ƙarara. Mai maganinka ba jahili ba ne, ma'auni ne ba shi da shi. Magani ɗaya ka sha har ya yi maka yawa.”

Na ce to, yana hana ƙwaƙwalwa mutuwa?

“Ba mu sani ba tukuna. Shi muke nema.”

Rabon da in ji mai digiri ya ce bai sani ba, na manta. Daga baya har Riruwai likitar ta je, ta zauna a tabarmar mutumin da littafinta.

Na daina shan garin, baƙin zaure suka watse. Cutar tana nan, amma da hankalina, kuma ni na rubuta wannan.

Na gode wa Allah, na gode wa Talatu. Duk abin da kuke sha, ku ajiye shi a teburin likita, kada kunya ta hana ku.

Maganar jana'izar karatu kuwa, na janye. Yarinyar nan likita ta ƙaryata ni, kuma na ji daɗi.