Tsaga Uku a Cikin Bututu

Tun da na ajiye aikin koyarwa na dawo Makka da zama, a gidan 'yata nake, a Rusaifa. Mijinta haifaffen nan ne. Kakanninsa Sakkwatawa ne da suka zo aikin Hajji suka zauna, shi kuwa Hausar da ta rage masa sai ya ciccike ta da Larabci kafin ta kai shi ƙarshen magana. Mutumin kirki ne, ban taɓa musun haka ba. Sai dai yana cikin mutanen nan da ke ganin duk abin da ya yi ƙyalli ya gyaru.

Wata rana bayan La'asar ya shigo da wani dogon abu naɗe a bargo, ya warware a gabana. Tsohuwar bindiga ce ta ɗuri, irin wadda ake zuba wa albarushi da harsashi ta baki. Ya saye ta a hannun wani dattijo can wajen Ɗa'ifa, har da takardar izini. Auren ƙanensa ya matso, yana so ya shiga ta'ashir, rawar nan ta mutanen Hijaz da ake daka tsalle ana harba albarushi zalla a ƙasa. Ban da wannan, shi da abokansa sukan fita gonar ɗayansu, bayan iyakar Harami, su yi gasar harbin allo.

"Ya Ammi, mushkila gare ta," in ji shi. Haka yake kirana, wato baffa da Larabci. "Babban harsashi ba ya shiga. Ƙarami kuma in ya fita, Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Cikinta duk ya kakkarce. Abokina mai warsha, wurin aikin ƙarfe, a Kudai ya ce zai sa mata inji ya goge cikin ya yi sumul."

Na zura sandar ɗuri na tabbatar babu komai a ciki, sannan na ce ya haska mini bakinta da wayarsa. Abin da yake kira karce, tsaga ce guda uku, tsaf, suna murɗewa a hankali zuwa ƙasa kamar igiya. Wani maƙeri da ya riga kakansa mutuwa ne ya yanke su da gangan, kuma shekaru ba su cinye su ba.

A makarantar mishan da mahaifina ya kai ni neman boko na fara ganin irinta. Malaminmu na aikin ƙarfe, wani Bature da bai san dariya ba, yana da guda da ya gada, da ita yake harbin aladun daji masu ɓarna a gonar makaranta. A wurinsa na koyi cewa tsagar ita ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe. Harsashin kuwa dole ya kasa faɗin bututu da abin da bai kai kaurin gashi ba, gindinsa da rami, dalmarsa mai taushi. In albarushi ya tashi, gindin ya buɗe ya kama tsagar. In ya cika ƙanƙanta ya fita yana tuntsure, in ya cika girma ya maƙale. Na bayyana wa surukina wannan dalla-dalla. Ya saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa mai zazzaɓi.

Washegari na sa ya kai ni Kudai. Mai warshar ƙato ne mai fara'a, shi ma ɗan Hausawa ne haifaffen nan. Ya kawo mini harsasan da ya zuba wa surukina, na danna farce a jikin ɗaya, ko alama bai yi ba.

"Mu'allim, ina ka samo wannan dalma?"

"Wurin mai gyaran taya, ya Hajj. Irin wadda ake maƙala wa ƙafar mota. Dalma ai dalma ce."

"Da me ka auna bututun?"

Ya ɗaga ɗan yatsansa na tsakiya yana dariya. "Wannan bai taɓa ba ni kunya ba."

"In harsashin ya ƙi shiga fa?"

"Akwai guduma."

Mutumin da ke da injin da ya fi ɗakina girma, yana auna bututun bindiga da yatsa, yana ɗura mata da guduma. Na tambaye shi ko a ƙauyen kakansa haka ake yi. Ya ce ƙwarai, kakansa maharbi ne, adakarsa ko ƙusa aka zuba mata sai ta harba, ko tsakuwa. Nan na gane tushen cutar. Duk bindigar da suka taɓa jin labarinta mai sumul ɗin ciki ce, wadda ake cusa wa abin da hannu ya kai. Saboda haka da suka ga wadda aka yi da lissafi, sai suka ɗauke ta mai lahani.

Na ce wa surukina ya ba ni lokaci, kada inji ya taɓa ta. Ya ce, "Ɗayyib, ya Ammi." Wato to. Na riga na san nauyin wannan kalma a bakinsa, amma na karɓa.

Na nemi dalma mai taushi har na samu guntun tsohon bututun ruwa wurin masu rusau. Na cusa ɗan dunƙule a bakin bindigar na zaro shi da sawun tsagar a jikinsa, na auna da ma'aunina na ƙarfe da na zo da shi daga gida. Mazubin harsashin da mai warsha ya yi ya yi faɗi, sai na tsaya a kansa ya yanka wani, na mayar masa, ya sake yankawa, yana cewa ko likitan ido bai kai ni ba. A saman bene na hura gawayi da hantsi don narka dalmar. 'Yata ta hau ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ludayin miyata ne wannan?"

"Ya tashi daga ludayin miya."

"To Allah ya sa wanda ake yi dominsa ya san ana yi."

Duk harsashin da ya fito da tamoji ko ƙuraje na mayar da shi wuta. Waɗanda suka rage na shafa musu kitse da kakin zuma, na jera a gwangwanin dabino.

Ranar wata Asabar muka fita gonar. Abokan suka fara da nasu bindigogin, hayaƙi ya turnuƙe, allon kuwa yana tsaye lafiya lau, sai ƙasar gefensa ke shan wahala. Sannan na ɗura wa surukina tasa. Harsashin ya sauka da nauyin hannu ɗaya, ba duka, ba dole. Ya harba, na goge cikin, na sake ɗurawa, ya sake harbawa. Da muka je duba allon, tafin hannuna ya rufe ramukan gaba ɗaya, kowanne kewayayye kamar an huda da ƙarfe.

Na jira in ji abin da za su ce. Ɗaya ya ce masha Allah. Wani ya ce amma ƙararta siririya ce, kamar tari. Mai warsha ya ce tsagar nan tana riƙe toka, kafin a goge a ɗura, 'yan rawa sun harba sau biyu sun wuce. Wani kuma ya leƙa bakinta ya ce cikin tasa kamar madubi yake, wannan kuwa sai ka ce kyanwa ta yi faɗa a ciki. Suka yi dariya. Na dubi surukina, wanda a rayuwarsa bai taɓa samun allo haka ba, na ga kunya ce a fuskarsa.

A mota na ce masa, "Ɗana, masu ƙara suna da yawa a kasuwa. Ka sayi ɗaya ka yi rawarka. Wannan in aka goge ta, babu mai mayar da ita."

"Abshir, ya Ammi." Wato in sha kurumina.

Ban je wurin ta'ashir ba, gwiwoyina ba sa son tsayuwa. An ce ya yi tsalle, an ce bindigarsa ta fi ta kowa amo, har mata suka yi guɗa. Da na ji zancen amon nan, sai na tuna injin Kudai.

Kwana biyu bayan biki ya kawo mini ita da kansa, fuskarsa cike da murna, ya haska wayarsa a bakinta tun ban roƙa ba. Cikin yana sheƙi, sumul daga sama har ƙasa. Na ɗauko harsashi ɗaya daga gwangwani na saka. Ya faɗa har gindi, ƙwal. Na kifa bindigar, ya gangaro ya dawo tafin hannuna.

"Ka gani, ya Ammi? Yanzu ko turawa ba a yi."

"Na gani," na ce. "Rataye ta a bango, inda haske zai same ta. Baƙi za su yaba."

Ya yi godiya, ya tafi neman ƙusa.