Kifin da Goggo Hassi Ke Bugawa a Kan Sabulu

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar Goggo Hassi, ƙanwar mahaifina, amma har yau in iskar damina ta taso daga bakin kogin Kwara, sai in ji kamar ƙamshin toka da man kaɗe na fitowa daga bayan ɗakinta a Zagga.

Sabulun salo take yi. Kafin ya daskare, sai ta danna masa ɗan hatimin icce mai siffar kifi, wanda mijinta masunci ya sassaƙa mata. Matan ƙauyukan ƙasar Binin da ke zuwa kasuwar Lolo ba su jin Hausa sosai, kifin kawai suke nunawa da yatsa.

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, wata mai jego ta zo har gida ta kwance goyo. Bayan jaririn duk ya saɓule. Sabulun da ta yi masa wanka da shi na ɗauke da kifin Goggo, amma cike yake da soda. Ashe wani ne a ƙetaren iyaka ya sassaƙa irin hatiminta. Goggo ta karɓi yaron tana shafa masa mai. Sati uku ba ta ɗora tukunyar sabulu ba.

Da muka kai ƙara, alƙali ya ce mana algus haramun ne, amma mai laifin ba a ƙasarmu yake ba, kuma rajistar tambarin kaya aikin gwamnatin tarayya ne. Da yake ni ne malamin makaranta a gidan, ni aka tura Abuja. Na cike takardu, na zana kifin, aka ce in jira.

Da na dawo Goggo ta ce, "Ɗana, mutanen nan sun taɓa wanka da shi?"

Na ce a'a.

"To mi za su shaida?"

Takardar rajistar ba ta fito ba sai bayan sadakar arba'in ɗinta.

Yanzu jikokinta na tallan sabulun a waya, an buga kifin a leda mai sheƙi, ga lambar rajista a ƙasa. Nakan hango Goggo a zuciyata zaune a tabarma tana jujjuya ledar, tana neman inda za ta shinshina. Ko za ta yi murna, ban sani ba. Jabun dai bai daina ƙetarowa ba.

Makon jiya na iske Rabi, babbar jikarta, tana kifar da tukunya guda a juji, wai toka ta yi yawa. Na ce ai da an karya farashi an sayar.

Ta dube ni ta ce, "Baba, in sa kifin Kaka a kan wannan?"

Allah Ya jiƙan Goggo Hassi, Ya sanyaya makwancinta.