Dutsen taimamar Inna

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, mahaifiyata ta kwanta a wani asibiti da ke wajen gari. Ciwon suga ne ya buɗe mata gyambo a ƙafa. Ni ce babbar 'yarta, don haka ni na bar gidanmu na Ƙofar Kibo na je jinya.

Likita ya hana ruwa ya taɓa ƙafar, hannunta kuma ga allurar ƙarin ruwa. Inna ba ta yi ƙorafin ciwo ba, damuwarta sallah ce. Tun tana yarinya ba ta saba barin lokaci ya wuce ta ba, ga shi alwala ta gagara. Malamin unguwarmu ya aiko cewa ta yi taimama.

Ni da dabarata, sai na je gida na ɓalle ɓangaren katangar ƙasa, na ƙunso a gyale. Inna na ɗora hannu ya farfashe, jar ƙasa ta cika farin zanen gado har kusa da bandeji. Daidai nan Sista mai kula da ɗakin ta shigo. Kirista ce, doguwa, ba ta cika dariya ba.

"Wa ya kawo gini cikin ɗakina?" ta ce. "Kina so ƙafar Mama ta ruɓe ne?"

Inna ce ta amsa a hankali: "'Yata, kar ki yi mata faɗa, ni na aike ta. Sallah nake son yi."

Sista ta tsaya ta nemi bayani, na yi mata. Ta ce, "Dole sai ƙasa?" Na ce dutse ma yana yi. Ta ce in kawo mai santsi.

Washegari na kawo ɗan dutsen da Inna take niƙa kwalli a kai. Sista ta karɓa ta tafasa shi tare da almakasan wankin ciwo, ta dawo da shi a faranti, ta ajiye a kan loka, ta gargaɗi masu shara kada kowa ya taɓa.

Inna ta shafa shi, da sauran ɗuminsa, ta ce, "Oh, dutse ya samu wankan ruwan zafi, ni mai shi an hana ni." Ranar na fara ganin haƙoran Sista.

Ƙafar ba ta warke ba. Inna ta rasu wata Laraba, jim kaɗan bayan ta sallame La'asar. Allah ya jiƙanta.

Har yau nakan tuna cewa Sistar nan ba ta sassauta dokar tsabta ko kaɗan ba, kuma ba ta raina abin da ya dami tsohuwa ba. Ta dai tambaya. A wurin zaman makoki, yayar Inna ta jawo ni gefe ta ce, "Faɗa min gaskiya, a can wurin ta samu tana sallah?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ta wuce ta ba."

Sai a lokacin ta yi kuka.