Gwiwar Maryam Bajamushiya

Ina shanyar kayan yara a bayan gidanmu na unguwar Barking a Landan wayar falo ta yi ƙara. Dakta Sani ne, maƙwabcinmu. Ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Binta, Maryam ta rasu. An gama operation ɗin lafiya, daga baya jini ya daskare mata a huhu." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna a kan matakala da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna.

Mu matan Hausawa na Landan mun san ta da Maryam Bajamushiya, matar likita mai ɗingishi. Kaɗan ne a cikinmu suka san ko wace ce ita kafin ta musulunta ta auri Dakta. A Jamus 'yar ƙwallo ce, mai buga gaba, kuma a yankinsu babu macen da ta kai ta zura ƙwallo a raga. An daɗe ana hana matan ƙasar wasan a can. Da aka sakar musu mara, sai aka gindaya sharuɗɗa, ciki har da hana su takalmi mai ƙusoshi, wai don a kare lafiyarsu. Ranar wani wasa aka yi ruwa, ta juya za ta buga, santsi ya kwashe ta, gwiwar dama ta murɗe. Tun daga ranar ƙafar ba ta sake miƙewa sosai ba. A asibitin da aka kwantar da ita ta haɗu da Dakta, yana ɗalibi.

Shekarun nan da kuɗin fetur suke ta kwararo da mu Landan, kowa da abin da ya kawo shi: kwas, leshi, gwal. Ita abu ɗaya take nema a garin nan, ta sake buga ƙwallo. Ta kan ce, "Ban gama ba, Binta. Tsayar da ni aka yi."

Kowace safiya, in mun kai yara makaranta, sai ta ja ni filin unguwa. Ni da ko tsallen igiya ban iya ba, na zama mai jefa mata ƙwallo, da zanena da mayafina da ƙatuwar kwat. Da ƙafar hagu take karɓa, ta nuna mini bishiya ta ce waccan, kuma waccan ɗin za ta samu. Idan ta manta ta sa ta dama, sai in ga fuskarta ta yi fari fat, ta cije leɓe. Ba ta son sannu. In na faɗa sai ta ce, "Ajiye sannunki, jefo."

Hajiya Laraba, babbarmu a nan, ta sha yi wa Dakta faɗa. "Ɗana, wannan yanke-yanken ya isa. Ka yi mata booking zuwa Kano, akwai maɗori a unguwarmu, da man shanu kawai zai gyara ta." Maryam ta yarda Hajiya ta riƙa murza mata man, tana dariya tana cewa flat ɗinta ya koma warin ruga. Ba ta taɓa raina kulawar da aka yi mata ba, ko da ta san ba za ta yi magani ba. Amma aikin tiyata na uku da likitoci suka ce yana da hatsari, ita ta nace. Dakta ya roƙe ta. Ni ma na roƙe ta, na ce ta dubi 'yarta Hadiza. Ta ce, "Ita nake dubawa. Ba ta taɓa ganina ina gudu ba."

Ana gobe za ta shiga asibiti ta nuna mini takalmin da ta saya, baƙi, mai ƙusoshi, irin wanda aka hana ta. Ta shafa ƙasansa da tafin hannu, ta mayar cikin kwali.

Ni da Hajiya Laraba muka yi mata wanka. Na ga tabon da ke ƙwaurinta, tsoho da sabo, na ga ɗinkin da bai warke ba. Da muka zo miƙe gaɓoɓinta kafin a sa likkafani, na kama ƙafar dama a hankali, ina tsoron in ji mata ciwo, kamar tana iya ji. Ƙafar ta miƙe sambal, daidai da 'yar'uwarta. Aikin ya yi. Hajiya ta dube ni, na dube ta, muka yi kukan da aka hana mai wanka ya yi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Jiya Hadiza ta shigo gidanmu da kwalin nan a rungume. Ta tambaye ni da Turanci ko mamanta ta iya gudu da gaske. Na ce ta iya, duk da ni ma ban taɓa gani ba.

Allah Ya jiƙan Maryam, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinta a wannan ƙasa mai sanyi. Allah Ya ba Dakta Sani haƙuri, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta da ke Jamus. Allah Ya raya Hadiza, Ya tsare mata ƙafafunta.