Kwamfutoci Tamanin na Baban Waya

A kwalejin, Baban Waya ake kiransa, don aljihunsa ba ya rabuwa da guntayen waya. Gyaran kwamfuta ne aikinsa, a wani ɗaki ƙarƙashin matakala mai taga ɗaya.

Wata shekara aka ba kwalejin kyautar kwamfutoci tamanin, sabbi ful. Sai dai ƙwaƙwalwarsu baƙuwar ƙira ce, babbar manhajar kyauta da ɗalibai suka saba da ita ba ta jin yarenta. Ana kunnawa, allo ya yi baƙi ƙirin.

"Ranka ya daɗe, manhajar a buɗe take, kowa na iya gyara ta," ya ce wa shugaban kwalejin. "A ba ni wata shida."

Wata shida ya zama shekara huɗu. Kamfanin da ya ƙera su ya hana shi bayanin ƙirar, sai lalube yake yi, ya sauya layi ɗaya, ya kunna, ya jira. Ranar da rubutu ya fara fitowa a allo, matarsa ya fara buga wa waya.

"Sun yi magana?" ta tambaya.

"Kalma ɗaya."

"To, sun fi ka hira, maigida."

Ya ci gaba har allo da madannai suka saitu. Intanet ce kawai ta gagara. Ana haka kamfanin ya rufe. Sai ga wasiƙa daga masu kula da manhajar, cikin ladabi: babu wani mai irin wannan na'ura sai shi, ba su da inda za su gwada aikinsa. In bai samo mutum na biyu mai irinta ba, za su cire sashen da ya ƙara a cikin manhajar.

Ya rubuta wa mutum sittin. Uku suka amsa, duka da fatan alheri. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya kusa manna hanci a allo kafin ya gane harafi.

Aka cire sashen. Bai ga laifin kowa ba, kuma abin da ya fi cin ransa ke nan.

Da kwalejin ta buƙaci ɗakin ajiyar da kwamfutocin ke jibge, aka kira masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Shi ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa 'yan dako inda za su kama.

"A hankali, kada allon ya fashe."

"Baba, ai narkewa za su yi," in ji ɗayansu.

Ya ce ya sani. Ya sa hannu ya kama masa ɗaya gefen.