Zanen Zumuntar Mama

Ranar Lahadin da ta biyo bayan Ista, ina aji huɗu a firamare, ni da Mama muka sauka daga motar Samaru a Sabon Gari, za mu taron matan zumunta. Ina rungume da tulun kiɗa, ita kuma ta sha anko, sabon zane mai hoton gicciye da sunan majami'armu, wanda ta wuni tana gogewa da dutsen guga na gawayi. Ita ce mai ba da waƙa. Daf da titin jirgin ƙasa muka tarar da wata mata zaune tsirara haihuwar uwarta, yara na jifanta da ƙwallon mangwaro, manya na kau da kai. Mama ta ja ta tsaya. Ta kwance zanen nan, ta durƙusa ta ɗaura mata, har tana gyara mata shi kamar mai shirya amarya. Da tsohon zanen ciki ta shiga majami'a, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Kafin mako ya zagayo, kowa ya ga mahaukaciya tana yawo a kasuwa da sunan majami'armu a ƙugu. Shugabar zumunta ta zo har gida, ta iske Mama tana surfen masara, ina wanke-wanke. Ta ce sun zama abin dariya, ko dai Mama ta je ta karɓo zanen ta musanya mata da wani, ko ta ajiye ba da waƙa. Mama ta jingine taɓarya ta ce, "Yaya, wanda aka kafa a kan gicciyen nan ma tsirara aka bar shi. Ba zan tuɓe ta ba. Ku riƙe waƙarku."

Suka kuwa riƙe. A makaranta, ko 'yar gala-gala muke yi sai wata ta kira ni ƙanwar mahaukaciya, mu kaure da dambe. Na ji haushin Mama ƙwarai, don na san yadda take son waƙar nan. Ita ko a jikinta. Waƙarta ta koma bakin turmi. Kowace Asabar sai ta ƙulla tuwo, mu tafi Sabon Gari, ta ciyar da matar, ta lulluɓa mata mayafi, ta wanke zanen a famfo, ya bushe, ta sake ɗaura mata. Har Mama ta rasu ba ta ƙara tsayawa gaban zumunta ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba.

Yau ni ma 'yar zumunta ce. Akwatina cike yake da anko, in za mu kai wa marayu shinkafa kuwa, sai mun jira mai hoto ya iso. Ina kewar Mama. Har yanzu ban ga wadda zanen zumunta ya yi wa kyau kamar matar nan ta bakin titin jirgi ba.